Abin da ke Riƙe Tantanin Tushe a Gidan Ƙwan Ƙudan Ayaba

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin halittu a aji uku na jami'a a nan Legas, kuma a Agege nake zaune. An ba mu aiki a kan tantanin tushe, sai na ga yawancin bayanan a kan gidan ƙwan wani ɗan ƙaramin ƙuda aka gina su, irin wanda ke bin ayaba da tumatir a rumfar mahaifina a kasuwar Mile 12. Abin da ya shige mini duhu shi ne, me ke sa tantani ɗaya ya rabu biyu, ɗaya ya ci gaba da zama tushe, ɗayan kuma ya tafi ya zama ƙwai, alhali ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne? Sannan ko wannan bincike yana da alaƙa da maganin tantanin tushe da ake tallatawa a gari, wanda gwaggona ta saya da tsada?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi biyu ka haɗa, kuma ta farkon ce za ta ɗauke mu lokaci, domin idan ta warware, ta biyun ba za ta yi wuya ba. Tantani shi ne ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, tantanin tushe kuwa shi ne wanda ke rabuwa ya sabunta kansa ya kuma samar da wasu nau'o'in tantanai. Abin da kake nema shi ne dalilin da ya sa 'ya'ya biyu na tantani guda, waɗanda suka gaji komai daidai wa daida, suke samun makoma daban. Amsar a gidan ƙwan ƙuda ita ce wurin zama. Wanda ya ci gaba da jingina da wasu maƙwabta na musamman shi ke zama tushe, wanda kuwa rabuwar ta tura shi gaba da faɗin tantani ɗaya tak, to ya fita daga jin saƙonsu, sai ya kama hanyar zama ƙwai. Wannan muhalli da ke riƙe tantanin tushe zan riƙa kiransa gurbi, kamar dai gurbin da kaza ke kwanciya a ciki, domin a ganina babu kalmar da ta fi ta dacewa da ma'anar.

Kafin mu shiga ciki, ka bambanta ƙudan da muke magana a kai da wanda ke huda mangwaro yana kan bishiya ya zuba masa ƙwan da ke zama tsutsa. Wancan dangi ne daban, kuma ya fi girma. Namu, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, idanunsa jajaye, kuma ba lafiyayyen ɗan itace yake nema ba, yis, wato ƙananan halittun nan masu sa burodi kumbura, da ke tsirowa a kan wanda ya fara ruɓewa shi ne abincinsa. Asalinsa daga Afirka ne, kudu da Sahara, daga nan ya bi ɗan Adam ya watsu a duniya. Tun da Thomas Hunt Morgan ya ga wani namiji mai fararen idanu a ɗakin bincikensa na Jami'ar Kolumbiya a 1910, ƙudan nan ya zama abin aikin masu nazarin gado, saboda daga ƙwai zuwa baligi kwana 10 ne kawai a zafin digiri 25, kuma ana iya kashe ƙwayar gado ɗaya a cikin tantani ɗaya a bar maƙwabtansa lafiya, a ga abin da zai faru.

Yadda wurin yake

Macen ƙuda tana da gidan ƙwai biyu, kowanne kuma ɗaurin silalla ne guda 16 zuwa 20. Idan ka ware sili ɗaya a ƙarƙashin madubin bincike, za ka ga ya yi kama da carbi wanda 'ya'yansa ke ƙara girma daga wannan kai zuwa wancan: a siririn kan akwai ƙananan tantanai, a ƙarshe kuma cikakken ƙwai da ke shirin fita. Saboda haka sili ɗaya yana nuna maka tarihin ƙwai gaba ɗaya a jere, kuma masana sun kasa wannan tafiya zuwa matakai 14.

Siririn kan nan shi ake kira jamariyum, kuma a nan duk labarinmu yake. A can ƙurya akwai wasu faifayan tantanai 8 zuwa 10 da aka jera kamar kwabbai, su ne zaren ƙarshe. A gindinsu akwai wasu 5 zuwa 7 da suka rufe bakin wurin kamar hula, don haka ake ce musu tantanan hula. A manne da waɗannan ne tantanan tushe na ƙwai suke zaune, biyu ko uku kacal a kowane sili. A gefe da gefe kuma akwai 'yan rakiya, masu dogayen hannuwa da suke miƙawa su rungume duk ɗan da ya bar gurbi.

A cikin macen da ta ƙoshi, tantanin tushe yakan rabu kamar sau ɗaya a rana. A cikinsa akwai wani ɗan dunƙule mai kama da ƙwallo wanda ake kira sifektorosom, yana zaune a ɓangaren da ke taɓa tantanan hula, kuma shi ne ke riƙe kai ɗaya na igiyoyin rabuwa, wato zaruruwan da ke ja su raba kayan gado tsakanin 'ya'yan biyu. Wannan ne ya sa rabuwar take faruwa a miƙe daga hula zuwa waje, ɗa ɗaya ya tsaya a manne, ɗayan ya samu kansa a baya. Wanda ya fita zai rabu sau huɗu ba tare da 'ya'yan sun yanke daga juna gaba ɗaya ba, sai a samu tantanai 16 da ke haɗe ta ƙofofi 15. Biyu daga cikinsu ne ke da ƙofa huɗu-huɗu, kuma ɗaya daga waɗannan biyun ne zai zama ƙwai. Sauran 15 ɗin su zama masu reno, suna ɗura masa abinci da saƙonnin gado har su ƙare su mutu. Shi kuma ƙwallon nan da na ambata, yayin da rabuwar ke ci gaba sai ya miƙe ya yi rassa ya ratsa ƙofofin. Wannan sauyin siffa shi ne babban abin da mai bincike ke dubawa: ƙwallo zagayayye a jikin hula yana nufin tushe, mai rassa kuma yana nufin an riga an kama hanya.

Saƙon da ke cewa a dakata

Ra'ayin cewa tantanin tushe yana buƙatar gurbi ba daga ƙuda ya faro ba. Ray Schofield ne ya kawo shi a 1978 lokacin da yake nazarin tantanan da ke samar da jini. Sai dai ɓargo wuri ne mai cunkoso, ba a iya nuna tantani a ce ga shi, ga kuma maƙwabcin da ke riƙe da shi. A gidan ƙwan ƙuda ne Ting Xie da Allan Spradling, a Cibiyar Carnegie da ke Baltimo a Amurka, suka nuna abin ƙarara a ayyukansu na 1998 da 2000, domin a nan ana iya ƙirga kowane tantani da ido.

Tantanan hula suna fitar da furotin biyu, Dpp da Gbb, 'yan dangin da ake kira BMP, dangin da mu ma muke da shi a jikinmu. Idan Dpp ya sauka a fatar tantanin tushe, sai makarɓansa, wato furotin ɗin da ke kan fatar masu karɓar saƙon, waɗanda suka haɗa da Tkv da Punt, su ɗora wa wani furotin na ciki mai suna Mad tambarin fosfet. Mad mai tambari yana haɗuwa da abokinsa Medea, su shiga cibiyar tantanin, su zauna a kan wani ɗan yanki na ƙwayar gado mai suna bam, su hana a karanta ta. Dennis McKearin da abokin aikinsa Dahua Chen ne suka gano wannan yanki a 2003. To, ita bam ɗin ita ce mabuɗin fita daga zaman tushe. Muddin tana kulle, tantani yana nan a matsayinsa. Da zarar ta buɗe, ya tafi ke nan.

Ka lura da yadda tsarin yake, domin ɗalibai da yawa suna juya shi a jarrabawa. Gurbi ba ya koya wa tantani yadda zai zama tushe. Abin da yake yi shi ne hana shi tafiya. Tafiyar ita ce abin da zai faru da kansa idan aka ƙyale shi.

Hujjojin da suka tabbatar da haka guda uku ne, kuma suna ƙarfafa juna. Idan aka lalata makarɓin Dpp ko Mad a cikin tantanin tushe, sai ya bar gurbi da wuri, silin ya bushe. Idan aka sa Dpp ya yawaita fiye da kima, ko aka lalata bam, sai jamariyum ya cika maƙil da tantanai masu zagayayyen ƙwallo waɗanda suka ƙi girma, wato ƙari ya fito, kuma macen ba za ta yi ƙwai ko ɗaya ba. Daga wannan siffa ce ma bam ta samo sunanta, wanda taƙaitawa ce ta wata jimlar Turanci mai nufin jakar duwatsun wasa. Na uku, idan aka tilasta wa bam ta buɗe a cikin tantanin tushe yana zaune a gurbinsa, sai ya tashi ya tafi duk da Dpp na zuba a kansa. Wannan gwaji na ƙarshe ya fi burge ni, domin ya nuna cewa duk hidimar da tantanan hula ke yi, a kan rufe ƙofa ɗaya ta taru.

Me ya sa saƙon ba ya kai wa ga na baya

Nan ne tambayarka ta fi nauyi. Dpp furotin ne da ake fitarwa waje, kuma a fiffiken tsutsar wannan ƙuda ɗin yana tafiya nesa ya ratsa layukan tantanai masu yawa. To me ya hana shi isa ga ɗan da ke bayan tantanin tushe, wanda tazararsa da hula 'yan maikiromita ne kawai, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita? An gano cewa ba shinge ɗaya aka yi masa ba.

Akwai shingen waje. Tantanan hula suna da wani furotin mai sukari a jiki, Dally, wanda ke riƙe Dpp ya kuma taimaka masa ya yi aiki a inda yake. 'Yan rakiya kuwa suna danne nasu Dally ɗin, bisa saƙon da suke karɓa daga tantanan ƙwai ta hanyar wani makarɓi mai suna EGFR, don kada su zama gadar da Dpp zai bi ya wuce. Haka kuma wani nau'in kolajin, furotin mai kama da zare da ke shimfiɗe a wurin, yana kama Dpp ya hana shi yawo. Shi kansa tantanin tushe, da yake shi ne a bakin rijiya, yana shanye mafi yawan abin da ya fito, har an ga yana miƙa 'yan siraran yatsu cikin tantanan hula don ɗebo saƙon.

Sannan akwai shingen ciki, wanda shi ne ke mayar da ɗan bambanci ya zama babba. A cikin ɗan da ya fita, furotin biyu, Fused da Smurf, suna kama makarɓin Tkv su aika da shi a narkar, don haka ko ɗan Dpp ya iso, babu kunnen da zai ji. Da saƙon ya ragu kaɗan, bam ta fara buɗewa, sai furotin Bam da take samarwa ya haɗu da Bgcn da wasu abokai su hana a ƙera wani furotin mai suna Nanos. Shi kuwa Nanos, tare da Pumilio, shi ne a cikin tantanin tushe yake danne saƙonnin da ke kawo girma, cikinsu har da na wani furotin mai suna Brat. Da Nanos ya kau, Brat ya samu sarari, sai ya karɓe Pumilio ya zama abokinsa, su biyun su koma su danne ƙera Mad. Ka ga an zagayo: raguwar saƙo ta buɗe bam, buɗewar bam ta ƙara toshe kunne daga saƙon. Shi ya sa ba a daɗe ana ganin tantani a tsaka-tsaki. Ko dai yana ciki, ko ya fita.

Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa kada su haddace waɗannan sunaye a matsayin jeri. Su zana tantani biyu a takarda, su ja kibiya daga kowane suna zuwa abin da yake hanawa, su bi kibiyoyin da yatsa. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba ya mantawa.

Manne, maye gurbi da komowa

Jin saƙo bai isa ba idan tantani ba zai iya tsayawa a wurin ba. Tsakanin tantanin tushe da na hula akwai wani furotin mai aikin danƙo, E-kadarin, wanda ke taruwa a daidai inda suka haɗu. Xiaoqing Song da Xie sun nuna a 2002 cewa idan aka cire shi, tantanin tushe yana sulalewa ya bar gurbi. Daga baya aka ga cewa har gasa ake yi a kan wurin: tantanin da ya fi danƙo yana iya ture maƙwabcinsa ya gaje masa wuri, kuma tantanin da bam ɗinsa ta lalace ya fi lafiyayye iya wannan turereniya. Duk wanda ke nazarin yadda ciwon daji ke farowa zai tsaya a kan wannan, domin ga gurɓataccen tantani yana korar nagari daga mazauninsa.

Ko a cikin lafiyayyar mace, tantanin tushe ba ya dawwama. Cikin makonni kaɗan wasu sukan ɓace. Idan hakan ta faru, maƙwabcin yakan juya igiyoyin rabuwarsa su kwanta a gefen hula, sai 'ya'yan biyu duka su samu wurin jingina, duka su zama tushe. Tantani ɗaya ne, gado ɗaya ne, kusurwar rabuwa kawai ta sauya, sakamakon ya sauya. Toshie Kai da Spradling sun ƙara matsa lamarin a 2004, inda suka nuna cewa gungun tantanai 4 ko 8 da suka riga suka kama hanya suna iya tsinke ƙofofin da ke haɗa su, su koma ɗai-ɗai, su sake zama tushe idan aka samar musu da yanayin gurbi. Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ban san inda wannan magana ta fi tabbata a zahiri kamar a nan ba.

Shi ma gurbin ana kula da shi. Zaren ƙarshe yana amfani da saƙon Notch wajen kafa tantanan hula tun ƙudan yana tsutsa, kuma idan aka ƙara ƙarfin wannan saƙo sai hulunan su yawaita, tantanan tushe ma su yawaita tare da su. Wani saƙon kuma, ta hanyar JAK da STAT, yana zuga hulunan su fitar da Dpp. 

Abinci da tsufa

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a cikin ɗaki ɗaya yake faruwa, amma ɗakin yana cikin gida. Daniela Drummond-Barbosa da Spradling sun nuna a 2001 cewa macen da ake ba abinci mai yis tana iya yin ƙwai ninki 60 na wadda ake ba ruwan sukari kawai. Abin sha'awa shi ne yawan tantanan tushe bai sauya ba a wannan ɗan lokaci. Saurin rabuwarsu da na 'ya'yansu ne ya ragu, sannan jiki ya riƙa kashe wasu gungun a wurare biyu: a tsakiyar jamariyum, da kuma a mataki na 8, daf da lokacin da za a fara zuba gwaiduwa, wanda shi ne aiki mafi tsada. Jikin yana adana iri ya rage shuka, kamar manomin da ya ga damina ba ta da tabbas.

Manzon da ke kai labarin ƙoshi shi ne dangin insulin da wasu tantanai a ƙwaƙwalwar ƙudan ke fitarwa. Yana magana kai tsaye da tantanin tushe ya ce masa ya hanzarta, sannan ta wata hanyar yana riƙe yawan tantanan hula da ƙarfin danƙonsu. Sinadarin ekdison, wanda aka fi sani da sa tsutsa ta yi saɓa, shi ma yana taimaka wa tantanin tushe ya amsa saƙon Dpp, kuma bayan barbara yawansa yana ƙaruwa a gidan ƙwai. Da tsufa kuwa, hulunan suna raguwa, Dpp yana raguwa, danƙo yana saki, tantanan tushe su yi ta zubewa. An nuna cewa ƙara ƙarfin saƙon BMP ko danƙon a tsohuwar mace yana jinkirta wannan zubewa, abin da ke nufin wani ɓangare na tsufan tantanin tushe tsufan maƙwabtansa ne.

Ban taɓo nau'i na biyu na tantanan tushe da ke wurin ba, wato waɗanda ke samar da marufin da ke lulluɓe kowane gungu, suna zaune a tsakiyar jamariyum. Saƙonnin da ke tafiyar da su daban ne, irin su Hedgehog da Wingless, kuma masana ba su daidaita a kan adadinsu ba: tsohon ra'ayi tun 1995 ya ce biyu ne, wani aiki na 2017 daga ɗakin binciken Daniel Kalderon ya ce sun kai 14 zuwa 16. Idan za ka rubuta a kansu, ka ambaci ra'ayoyin biyu.

Abin da aiki a Legas ya koya mini

Na yi shekaru ina fiɗar waɗannan ƙudaje da ɗalibai, kuma darasin abinci shi ne na farko da hannu ke koya maka. Idan ka ɗauko mace daga tsohuwar kwalba ka fede ta, za ka tarar da gidan ƙwan a tsuke kamar busasshen zare, da ƙyar tsinken hannunka zai kama shi. Ka ba ta kwaɓaɓɓen yis na kwana ɗaya ko biyu tare da maza, sai ka ga cikinta ya cika, gidajen ƙwan sun fito farare kamar 'yan ƙunshin ayaba. Wannan gwaji ba ya buƙatar komai sai madubin fiɗa, tsinke mai kaifin baki biyu da ruwan gishiri, kuma za ka iya yin sa da ƙudajen rumfar mahaifinka. Ka dai sani cewa tarkon ayaba a kasuwa yakan kamo nau'o'i dabam-dabam masu kama da juna, don haka sai an tantance kafin a ce ga wanda ake nazari.

Babban abokin gabanmu a nan zafi ne. Ƙudan yana son digiri 25, idan aka kai 30 mazan sukan daina haihuwa, kuma yawancin dabarun kunna ƙwayar gado da kashe ta da zafi ake sarrafa su, a ajiye a 18 don a rufe, a kai 29 don a buɗe. Na taɓa rasa aikin makonni saboda wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareta bai tashi ba, akwatin sanyaya ƙudajen ya ɗume. Ƙudajen ba su mutu ba, da sun mutu ma da ya fi sauƙi. Abin da ya faru shi ne waɗanda aka ajiye don kwatanci sun kunna abin da ake so su bari a kashe, sakamakon ya cakuɗe ba tare da wata alama a waje ba. Tun daga ranar nake sa ma'aunin da ke riƙe mafi girman zafi a cikin kowane akwati. Sannan in gaya maka iyakar abin da nake iya gani da kayan da ke hannuna: siffar sili da matakan ƙwai ina ganinsu sarai, amma ƙirga tantanin tushe da tabbaci yana buƙatar rinin da ke haska ƙwallon nan da madubi mai hasken laza, kuma wannan sai na haɗa kai da abokan aiki a wani wuri. Akwai masu aiki da ƙudan nan sosai a Ibadan, idan kana son horo na hannu.

Maganin gwaggo

Darasin da ya tsallako daga ƙuda zuwa mutum shi ne na gurbi. A hanjinmu, a ɓargonmu da gindin gashinmu, an samu tantanan tushe zaune a jikin maƙwabtan da ke riƙe su da saƙonni na kusa. Amma kalmomin saƙon ba lallai su zo ɗaya ba. A hanjin dabbobi masu shayarwa, Wnt ne ke riƙe tushe, BMP kuwa tura tantani yake ya girma, akasin aikinsa a gidan ƙwan ƙuda. Gidan ƙwan 'ya mace ma bai bi tsarin na ƙuda ba, domin abin da mafi yawan masana suka tafi a kai shi ne ana haihuwar yarinya da dukkan ƙwayayen da za ta yi amfani da su a rayuwa. An yi da'awar samun tantanan tushe na ƙwai a baligan ɓeraye a 2004, amma wasu ɗakunan bincike da dama sun gwada ba su tabbatar ba.

Maganin tantanin tushe na gaskiya yana nan, kuma mafi kafuwarsa shi ne dashen ɓargo, wanda ake yi wa masu sankarar jini da masu amosanin jini. An fara yin sa a Nijeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, an kuma fara a asibitin koyarwa na Idi-Araba a nan Legas a 2024. Dubi yadda ake yin sa: sai an nemo wanda jininsa ya dace, sai an ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi da ke share tsofaffin tantanai don gurbi ya buɗe, sannan a zuba rayayyun tantanai ta jijiya su je su zauna, a kuma yi makonni ana tsaron sa daga cututtuka. Ko a can, sai da aka nema wa tantanin wurin zama.

Garin magani ko ƙwaya da ake sha a ce tana ɗauke da tantanin tushe na tuffa ko inabi ba ta cikin wannan sahu. Tantanin tsiro ba ya zama tantanin mutum, busasshen tantani matacce ne, kuma duk abin da ya shiga ciki narkar da shi ake yi kamar sauran abinci. Ban ga kwalbar da gwaggonka ta saya ba, kuma ni ba likitanta ba ne, don haka ba zan yanke hukunci a kan lafiyarta daga nan ba. Abin da zan roƙe ka shi ne ka tambaye ta cikin ladabi ko ta ajiye wani maganin asibiti, na hawan jini ko na ciwon suga, saboda wannan sabon, domin a nan ne haɗarin ya fi yawa. Idan haka ne, ka raka ta wurin likitanta da kwalbar a hannu, a duba abin da aka rubuta a jikinta da lambar rajistar NAFDAC, a kuma auna ta kafin a yanke shawarar abin da za ta ci gaba da sha.